Gwaggo Sakatariya da Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi

Ƙanwar babana ce, don haka mu a gida Gwaggo muke ce mata. A makarantar sakandaren da ta yi wa aiki shekara talatin da ɗaya kuwa, tun daga shugaba har mai gadi, Sakatariya kowa ke kiranta. Akwai malaman da suka zo suka yi shekaru suka tafi ba su taɓa jin sunanta na gaskiya ba. Gajeriya ce mai ɗan jiki, tana rataye tabarau a wuya da igiyar takalmi saboda ta gaji da nemansa a ƙarƙashin takardu. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi maka guda ɗaya sai ka wuni kana juya ta.

Na zauna a gidanta shekara shida ina karatu. Daga baya na dawo makarantar tasu ina koyar da lissafi, ofishinta na kallon ɗakin malamai. Saboda haka abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani daga bakinta na ji, ita kuwa ba ta sa wa labari gishiri.

Da tafireta ta fara. Bayan ta gama makaranta kakanmu ya kai ta wani ɗaki a saman kantin sayar da taya, inda wata dattijuwa ke koyar da buga rubutu. Dattijuwar kan rufe wa ɗalibai hannu da tsumma don kada su kalli madannai, duk wadda ta leƙa kuma ta sha rula. Gwaggo ta ce sau biyu kawai aka buge ta. Wata tara ta yi, ta fito tana cika shafi ba tare da ta sunkuya ba. Makarantar ta ɗauke ta, aka ba ta tebur kusa da taga da wata baƙar tafireta mai nauyin tsiya. Tambayoyin jarrabawa, wasiƙun iyaye, jadawalin darasi, takardar shaidar gama makaranta, duk ta hannunta suke bi. In malami ya kawo mata rubutu da kuskure, ba ta gyarawa a ɓoye. Layi take ja da jan biro, ta aika ya zo ya gani da idonsa. Malaman harshe su suka fi tsoronta.

Mijinta mai gyaran rediyo ne, shagonsa a jikin gida, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na buɗewa tsakar gida. Mu yara Baban Shago muke ce masa. Dogo ne siriri mai son raha, ba su haɗa hali da ita ko kaɗan ba. Yakan ce shi gwamnati ya aura, tunda a gidansa ko cokali ne ya ɓata sai an rubuta rahoto. Ita kuma ta ce ba don rahoton ba da tuni ya narkar da cokulan ya liƙe wayoyi da su.

Shekara uku kafin ya rasu, hannunsa ya fara rawa. Da farko yana ɓoyewa, in an shigo sai ya sa hannun a aljihu. Wata rana Gwaggo ta dawo daga aiki ta same shi zaune gaban wata rediyo a buɗe, noti ɗaya a ƙasa, ya kusa awa yana so ya ɗaura shi ya kasa. Ba ta ce masa sannu ba, don ta san ba zai so ba. Jakarta ta ajiye, ta jawo kujera, ta ce, "Nuna mini inda yake shiga."

Tun daga ranar, kullum ta taso daga aiki sai ta shiga shago, shi yana faɗa, ita tana yi. Ya koya mata riƙe ƙarfen liƙi, da karanta mitar gwada wuta, amma abin da ya fi nanata mata shi ne bin abu daki-daki. Ya ce mutum zai ɗauko rediyo tun daga wata unguwa yana cewa ta mutu, alhali soket ɗin ɗakinsa ne ya mutu. A fara da bango, sannan waya, sannan makunni. Kafin a ɗauki sukudireba kuma a sa hanci, domin abin da ya ƙone ba ya iya ɓoye warinsa. Sai kuma tabon da ke babban yatsansa, wanda wata talabijin ta yi masa bayan ya zare ta daga wuta. Yakan nuna mata shi ya ce akwai wuraren da ke riƙe wuta a cikinsu, ko an zare ba a sa musu hannu.

Masu kawo gyara ba su taɓa sani ba. Har yabonsa suke yi wai aikinsa ya ƙara tsafta, shi kuma ya yi dariya ya ce ai sabon hannu ya samu. Da ya rasu ta rufe shagon, ta ba ƙaninsa kayan aikin duka, sai wata ƙaramar sukudireba mai rawayen mariƙi da ta jefa a jakarta, tare da makullai da man shafawa.

A shekarar da ta biyo baya aka kawo kwamfuta ofis. Shugaban lokacin ya ce za a ɗauko wanda ya iya ta, Sakatariya kuma ta koma sito tana ba da alli. Gwaggo ta ce a ba ta zango ɗaya. Kullum in an tashi takan zauna har ƙarfe biyar, ita da littafin da ya zo a cikin kwalin. Matsalarta ɗaya, da dukan tafireta ta saba, sai da ta kashe kibod biyu kafin hannunta ya yi laushi. Ko bayan nan, in tana aiki, 'yan ajin ƙarshen baranda suna jin ta. Zango ya ƙare ba wanda ya ƙara ta da maganar sito. Sau uku aka canza kwamfuta a zamaninta, tsofaffin kuwa ta hana a zubar, ta sa aka jera su a kan kanta a sito, an lulluɓe da tsohon labule.

Abin da har yanzu malamai ke ba da labarinsa ya faru ne wata Laraba, saura shekara biyu ta yi ritaya. Ranar ce ta ƙarshe da za a kai jerin ɗaliban ajin ƙarshe ofishin jarrabawa, su ɗari da tamanin da shida, kowa da sunansa da ranar haihuwarsa da darussan da zai rubuta da hotonsa. A kai a buge a takarda, a kuma kai a filashi, kafin ƙarfe huɗu. Wanda babu sunansa sai baɗi.

Ƙarfe goma da minti ashirin aka ɗauke wuta. Wannan ba sabon abu ba ne, Gwaggo ta cire tabarau ta jingina tana jira. Bayan kamar minti goma wutar ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙwan baranda ya fashe, fankar sama ta yi gudu kamar za ta tsinke, sai komai ya sake mutuwa, sannan wutar ta dawo daidai. Ana cikin haka ta ji wani ɗan ƙara, tas, daga ƙarƙashin teburinta. Ta sunkuya ta danna makunni. Shiru. Ta sake dannawa. Ko fankar cikin kwamfutar ba ta motsa ba.

Ina ɗakin malamai ina duba aikin ɗalibai Baba Masinja ya leƙo. Tsoho ne da ya riga kowa zuwa makarantar, in ka cire Gwaggo.

"Malama, Gwaggonki na kira."

Na tashi da sauri, don ba ta taɓa kirana a lokacin aiki ba. Na tarar ofishin ya riga ya cika. Ga Shugaba tsaye, mutumin kirki ne amma akwai gaggawa, makullin mota har ya fito daga aljihu. Ga kuma malamin kimiyya, wanda ke da bayani a kan komai, ya harɗe hannu yana kallon akwatin kwamfutar kamar gawa.

Shugaba ya ce, "Sakatariya, ba ki da kwafi a filashi?"

"Akwai, ranka ya daɗe, amma na Juma'ar da ta wuce ne. Gyaran kwana uku ba ya ciki. Wannan laifina ne."

Kwana ukun nan kuwa su ne iyaye suka yi ta sintiri, wannan a gyara harafi a sunan ɗansa, wancan a canza darasi, ita kuma tana shigarwa kai tsaye.

"To a sa ta a mota, mu kai wa mai gyara."

"Mai gyara yana can ƙarshen gari, kuma in mun je zai ce mu dawo gobe. In ya matsu, abin da zai fara yi shi ne ya goge komai ya zuba sabo. Ka ba ni zuwa sha biyu. In ban tashe ta ba, ni zan riƙe ta a cinya har shagonsa."

Shugaba ya dubi agogo, ya dube ta, ya mayar da makulli aljihu.

Ta ce wa Baba Masinja ya kawo butar shayi ta lantarki.

"Sakatariya, ruwan Shugaba ne fa a ciki."

"Ba sha zan yi ba, Baba."

Ta zare filogin kwamfutar, ta soka na butar a gurbinsa. Ba a jima ba buta ta fara tsuwa. Ta ce soket lafiya lau. Ta nuna mana 'yar fitilar da ke ƙasan sikirin, tana ci, ke nan shi ma da ransa. Sai ta zare wayar butar daga gindinta. Ban taɓa lura ba sai ranar, ashe bakin wayar buta da na kwamfuta iri ɗaya ne. Ta jona wayar butar a bayan akwatin, ta danna. Shiru. Ta lalubi wani ƙaramin makunni da ke baya, ta kashe ta kunna. Shiru.

"Ba bango ba ne, ba waya ba ce," in ji ta, kamar tana karanta jadawali.

Ta cire duk abin da ke maƙale a baya, firinta da kibod da linzami, ta zare wutar gaba ɗaya, ta ɗora yatsa a kan makunni ta danne.

"Ɗiyata, ke ce malamar lissafi, ƙirga mini talatin."

Na ƙirga a fili, manya huɗu suna saurarena kamar 'yar aji ɗaya. Ta ce wani lokaci in wuta ta yanke ba shiri, saura kan maƙale a ciki ya hana ta tashi, dannewar nan ke fitar da shi. Ta mayar da waya ta gwada. Babu ko motsi.

Malamin kimiyya ya yi gyaran murya. "Ni dai tun farko na san bod ɗin ne ya tafi. In babban farantin nan ya ƙone, ai sai sabuwa."

Gwaggo ta dafa tebur ta durƙusa a hankali, gwiwarta na ƙara, ta kai hancinta wajen ramukan fankar da ke baya, daidai inda wayar wuta ke shiga. Ta daɗe a haka. Sannan ta yafito ni.

"Zo ki sansana."

Na sunkuya. Wari ne kamar na robar da ta taɓa murhu.

Ta ce, "Malam, mai yiwuwa ka yi gaskiya. Amma warin daga sama yake fitowa, wajen akwatin wuta. Bari mu gani."

Aka ɗora kwamfutar a kan tebur. Ta buɗe jaka ta ciro sukudirebar nan, ta kwance noti biyu ta zuba a murfin kofin shayi, ta zame marfin gefe. Kafin ta sa hannu ciki sai da ta kama ƙarfen taga ta saki, ta ce wutar jikin mutum ma kan yi ɓarna. Na haska mata da fitilar wayata. Ƙura ce jibge, har da gawar kyankyaso. Ta bi babban farantin da ido lungu-lungu, tana neman baƙin tabo, tana duba ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kansa ko akwai wanda ya kumbura. Ba ta ga ko ɗaya ba. Ta ƙwanƙwasa wani akwatin ƙarfe da ke saman kusurwa, wanda damin wayoyi masu launi ke fitowa daga cikinsa.

"Wannan ne ke karɓar wutar bango ya rage ta ya raba wa kowa. Shi ya sha dukan."

Malamin kimiyya ya matso. "To mu buɗe shi mana, wataƙila fis ne kawai ya ƙone."

Ya kai hannu, ta ɗan buge shi da mariƙin sukudireba, kamar yadda ake yi wa yaro a bakin tukunya.

"Shi ba a buɗe shi. Ko an zare yana riƙe wuta. Canza shi ake yi ɗungurungum."

"A ina za mu samu wani yanzu?" in ji Shugaba.

"A sito, ƙarƙashin labule. Ta dama, wadda ma'ajiyar bayananta ta lalace bara waccan. Wutarta lafiya take."

Ni da Baba Masinja muka kinkimo ta, yana mita wai shekara da shekaru yana cewa a zubar da tarkacen nan, ga shi yau sun zama manyan baƙi. Kafin ta cire ko waya ɗaya, Gwaggo ta sa na ɗauki hoton cikin kwamfutar. Duk da haka ta jawo takarda ta zana da fensir, wace waya ke zuwa ina, don ita ba ta yarda da hoton waya ba. Ta ciro akwatunan wutar biyu ta jera, ta miƙa wa malamin kimiyya.

"Malam, idona ba ya ganin ƙananan lambobin nan. Duba mini, tsohon zai iya ɗaukar ta?"

Ya gyara tsayuwa, ya karanta na wannan, ya karanta na wancan, ya yi 'yan lissafe-lissafe a tafin hannu, ya ce zai ɗauka har da rara. Daga nan ya daina maganar bod, ya koma riƙe mata wayoyi.

Babbar wayar da ke shiga farantin ta ba ta wahala, sai da ta sa ƙarfi. Ramukan noti ma uku ne suka dace, na huɗun ya ƙi, ta ce uku sun isa. Ƙarfe sha biyu saura kwata ta gama. Baba Masinja ya ɗauki filogi zai soka a bango, ta ce ya dakata.

"Ba za ta ƙara shan wutar bango tsirara ba. Baba, akwai wani ɗan akwati a ƙarƙashin firjin ofishin Shugaba. Aro mana shi."

Kowa ya san sitabilaizar kwamfutar ce, wadda ke daidaita wuta in ta yi yawa. A lokacin hutu Shugaba ya sa aka ɗauke ta aka kai wa ƙaramin firjinsa. Gwaggo ta yi masa magana sau ɗaya a farkon zango, ya ce za a duba, ba ta ƙara ba. Shugaba ya ce wa Baba ya bari. Da kansa ya je ya rungumo ta, rigarsa duk ƙura, ya ajiye a gindin tebur bai kalli kowa ba.

Aka jona. Ta danna makunni. Fanka ta juya.

"Alhamdu lillahi!" in ji Shugaba.

Bai rufe baki ba kwamfutar ta saki wani dogon kuka, ta yi shiru, ta sake. Sikirin kuwa baƙi ƙirin. Shugaba ya zauna a kujerar baƙi ya dafe kai.

Gwaggo ta ce, "Ɗazu ko kukan ba ta yi. Yanzu tana faɗin inda ke mata ciwo. Ina jin ni na bangaji ram lokacin da nake kokawa da babbar wayar nan."

Ta kashe, ta zare wuta, ta sake kama ƙarfen taga. Ta buɗe wasu 'yan maƙalai biyu, ta zaro wani siririn abu mai kama da guntun rula. Ta karɓi kilinar fensir a hannuna ta goge bakinsa mai ruwan zinariya, ta hure, ta mayar ta danna har sai da muka ji ƙas, ƙas. Ta jona sikirin da kibod, ta kunna.

Ƙara ɗaya gajere ta yi, fararen rubutu suka fito. Ta sa tabarau ta karanta. Kwamfutar ta manta kwanan wata, ta koma shekaru baya. Gwaggo ta nuna mana wani batir mai kamar kwabo a jikin farantin, ta ce ya tsufa, gobe a sayo wani, yau da hannu za ta gyara. Ta shigar da rana da wata da shekara. Sai kuma wani rubutu ya fito, na'urar tana duba ma'ajiyarta saboda kashewar da ta yi ba shiri, lambobi suna hawa a hankali, bakwai cikin ɗari, takwas cikin ɗari. A ƙasa an rubuta cewa wanda ke so ya tsallake ya danna kowane madanni. Shugaba ya miƙo yatsa. Gwaggo ta janye kibod ɗin ta ɗora a cinyarta.

"Ranka ya daɗe, lokacina ya wuce da minti goma. In ka ce a sa ta a mota, sai a sa."

"Don Allah Sakatariya, ci gaba."

Sha biyu da rabi saura kaɗan jerin sunayen ya buɗe. Ba ta tsaya murna ba, filashi biyu ta ciro daga aljihun tebur ta kwafe a kowanne, ta ba ni ɗaya ta ce in sa a jakata. Sannan ta bi layi-layi. Aikin kwana ukun yana nan, sai gyara huɗu na ƙarshe da ta yi da safen nan, su wuta ta tafi da su. Uku ta same su a guntayen takardun da take sokewa a ƙusa. Na huɗun da baki aka faɗa mata. Ta san an yi shi, amma ta rasa na wane ne. Ta rufe ido, ta buɗe, ta kira Baba ko ya tuna wanda ya shigo, bai tuna ba. Lokaci na tafiya, dole aka buga haka. Ƙarfe uku da kwata Shugaba ya bugo waya daga ofishin jarrabawa ya ce an karɓa.

Malamai suka yi ta shigowa yi mata barka, ita kuwa fuskarta ba walwala. Da aka tashi muka jero a ƙafa kamar kullum. Mun zo daidai ƙofar makaranta ta tsaya cak.

"Na tuna gyara na huɗun. Matar nan mai lema. 'Yarta ce a ajin ƙarshen, mai zama gaba. An sa mata shekarar haihuwar yayarta."

Washegari ta nemi izini, ta je gidan matar ta karɓi takardar haihuwar yarinyar, ta wuce ofishin jarrabawa. Aka ce an rufe karɓar gyara. Ta ce ta ji, ta samu benci a baranda ta zauna. Aka tashi tana nan. Kashegari ma ta riga ma'aikatan zuwa. Wajen azahar jami'in ya fito ya ce, "Mama, wai me kike so ne?" Ta miƙa masa takardar ta ce lamba ɗaya ce. Ya shiga ya gyara. Yarinyar ba ta taɓa sanin an yi wannan zaman saboda ita ba, yanzu haka ma'aikaciyar jinya ce.

Sitabilaiza ba ta koma ƙarƙashin firji ba, ba kuma wanda ya ta da zancen. Abin da ya biyo baya shi ne malamai suka mayar da ofishinta shago. Wannan ya kawo dutsen guga, wancan fankar tebur, wata har injin niƙan kayan miya. Takan duba in ta samu sarari, amma wayar hannu ba ta karɓa, ta ce notinta ba na idon tsofaffi ba ne. Malamin kimiyya ya roƙe ta ta zo ajinsa ta nuna wa ɗalibai cikin kwamfuta. Ta je, ta yi minti goma sha biyu, ta ce iyakar abin da ta sani ke nan, ta koma bakin aikinta.

Da ta yi ritaya aka yi mata ɗan taro a ɗakin malamai, aka ba ta agogon bango. An ce ta yi jawabi, ta miƙe ta faɗi inda makullin kowace durowa yake, ta zauna.

Yanzu tana gida, gwiwa ta hana ta yawo. Bara idonta ya yi yana, har ta kai ba ta gane fuska sai an yi magana. Ni na kai ta asibiti aka yi mata aiki. Ranar da aka cire bandejin, likita ya ɗaga yatsu yana tambayarta nawa take gani, ta faɗa masa. Aka miƙo mini takardar sallama, ta ce in ba ta ta gwada idon. Ta riƙe ta nesa, ta matso da ita, ta bi da yatsa tun daga sama. A layi na huɗu ta tsaya.

"Ɗiyata, sun rubuta idon hagu. Na dama aka yi."

Na ce, "Gwaggo, ai an riga an gama, mu tafi gida ki huta."

"Wata shida za mu dawo a yi ɗayan. Wanda zai karanta takardar nan ba ya nan yau. Koma."

Na koma na bi layi, aka sake buga wata. Ta karanta ta har ƙasa, ta ninke ta huɗu ta sa a jaka, sannan ta ce in riƙe mata hannu mu sauka matakala.